Akushin da Aka Rufe

Goggo Gaji ba ta taɓa jin an ce mutum ya kulle gidansa mai fanka da famfo, ya kwashi iyalinsa ya tafi bayan gari kwanan bukka ba, kuma wai da son ransa, kuma wai shi ake kira hutu. Amma abin da surukinta Malam Uwaisu ya yi ke nan da aka ba yara hutun makaranta. Ya aika mota har Miga aka ɗauko ta da sanyin safiya. A gidansu na Takur ma ba a zauna ba, jakunkuna kawai aka ɗauka, aka zarce wani wurin shaƙatawa da aka gina a gindin duwatsu, wai shi Lambun Tsauni.

Tun daga bakin ƙofa kanta ya fara ɗaurewa. Ga wata ƙatuwar ƙafar keke ta ƙarfe, tsayinta ya fi na rimi, an rataya mata kujeru, tana ɗaga mutane sama tana sauke su a inda ta ɗauke su. Ga jirgin ƙasa ɗan ƙarami yana ta zagaye, ba ya zuwa ko'ina. Ga dawakan roba suna juyi da yara. Ta duba ta ga har da magidanta masu gemu a layi. Da aka kai ta masauki kuwa sai ta tarar bukkar ciyawa ce, irin wadda ta yi zaman aure a cikinta lokacin suna bin shanu, irin wadda 'ya'yanta suka yi ta fama sai da suka raba ta da ita suka gina mata ɗakin bulo. Sai dai wannan a cikinta akwai na'urar sanyi, da gado mai laushi kamar za ka nutse. Ta zauna a ƙasa kan darduma, ta ce a ranta, to, masu ilimi sun san abin da suke yi.

Akwai abu biyu da ya kamata a sani game da Goggo. Na farko, tana da ciwon suga, kuma malamin asibiti ya ja mata kunne cewa duk ran da ta haɗiyi ƙwayarta, to abinci ya biyo baya nan kusa, in ba haka ba jiki zai ɗauki rawa, ido ya yi duhu, mutum ya iya faɗuwa. Na biyu, Goggo Bafillatana ce ta gidan filako, wato kunyar nan ta Fulani. Tun da aka ɗaura auren 'yarta Mahbuba, Malam Uwaisu bai taɓa ganin ta kai ko ruwa bakinta ba. In ta zo Takur, ɗaki ake kai mata kwanonta, ta ja labule. Ita Mahbubar kuma 'yar fari ce, ko sunanta Goggo ba ta faɗa, balle ta jawo ta gefe ta yi mata raɗa. In magana ta kama, sai ta dubi bango ta ce, “A gaya wa uwar yaran nan kaza,” ko da uwar yaran tana zaune a gabanta.

Ana idar da sallar azahar sai ga Nuriyya, babbar jikarta, ta leƙo.

“Goggo, abinci ya yi.”

Goggo ta ce madalla. Ta kwance bakin zanenta, ta ɗauko ƙwaya ta haɗiye da ruwa, ta gyara zama tana jiran kwano. Tun kokon asuba ba ta sa komai a ciki ba.

“Goggo, ki taso mana. Can za mu je. Nan ba a kawowa ɗaki.”

“Can ina?”

“Gidan abinci.”

Ta yafa mayafinta ta bi yarinyar, tana cewa ai ba za a rasa ɓangaren mata ba.

Babu ɓangaren mata. Wata doguwar rumfa ce, an shimfiɗa tabarmi, kowace tabarma da ɗan gajeren tebur a tsakiya, kowane iyali sun kewaye nasu, miji da mata da yara, hannu yana gogar hannu. An jera akusa da ƙoren fura da ludaya, ga faya-fayai masu rini an tara a gefe. 'Yan mata masu kawo abinci an sa musu saƙi da duwatsun wuya irin na Fulani, ko ɗaya a cikinsu ba ta iya ɗaurin ba. Kiɗa yana tashi daga wani akwati a saman rumfar. Can a tabarmar ƙarshe Malam Uwaisu ya riga ya zauna, ya naɗe hannun riga.

Ƙafar Goggo ta tsaya da kanta. Mahbuba ta taso ta kama mata gefen mayafi, ta zaunar da ita a can ƙarshen tabarma, wurin da ya fi nisa da mijinta. To amma tabarma ce, nisanta nawa yake?

Shi ma ba wai bai san kunya ba ne. Mutumin Kiyawa ne, gidan tarbiyya. Tun a mota matarsa ta ce masa Goggo fa ba za ta ci a gabansa ba, ya ce ai nan ba gida ba ne, kowa baƙo ne, kuma shi zai kau da kai, ko inda take ba zai duba ba. Ya kuwa cika alkawari. Ya karkata jikinsa gefe, ya kafa ido a kan akushinsa kamar mai karatun allo.

Yarinyar da ke kula da tabarmarsu, Hadiyya, ta durƙusa ta yi bayani da sauri, irin na wanda ya faɗi magana ɗaya tun safe har ta gundure shi.

“Sannunku da zuwa. Nan kamar gida ne, ku ci ku ƙoshi. Duk kwanon da muka gani a buɗe ya yi ƙasa, za mu ƙaro. In an gama da kwano, a rufe shi da faifai, sai mu ɗauke.”

Kowa ya ji ban da Goggo. Ita lokacin tana can tana neman inda za ta ajiye idonta, ga kiɗa ya cika mata kunne. Ta ga dai bakin yarinya yana motsi, ta amsa da “Lafiya lau, 'yar nan.”

Aka sauke tuwon shinkafa da miyar taushe, ga dambu, ga masa, ga kaji an gasa sun yi ja. Ƙamshin man shanu ya bugi hancin Goggo, cikinta ya amsa. Mahbuba ta zuba mata tuwo a ƙaramin akushi ta tura gabanta. Ba ta ko janye hannu ba sai Zuhair, ƙaramin jikan, wanda ya wuni a kan dawakan roba suna juya shi, ya dawo da duk abin da ya sha tun safe a gaban rigarsa. Uwar ta suri yaro ta nufi masauki da shi don ta wanke shi.

Goggo ba ta damu ba, don ta san yadda ake yi. Namiji ba ya daɗewa a kan kwano. Zai ci, tuwo ya ƙare, ya yi hamdala, ya wanke hannu ya tashi, sannan mata su sake. Ta ɗauki faifai ta rufe akushinta, ta ɗan tura shi gefenta. A Miga ko yaron goye ya san abin da rufaffen kwano yake nufi: rabon wani ne, mai shi yana zuwa, kada a taɓa.

Kafin ta gyara mayafi, Hadiyya ta sunkuyo ta ɗauke shi, ta wuce.

Goggo ta bi ta da kallo. Sai kuma ta yi tunani ta ce, af, ashe yarinyar 'yar gidan mutunci ce. Ta ga tsohuwa zaune da suruki, ta gane, za ta kai mata ɗaki. Da Hadiyya ta dawo wucewa, Goggo ta ce mata a hankali, “Allah ya yi miki albarka.”

“Amin, Mama,” in ji yarinyar, ba ta ko tsaya ba.

Nuriyya, wadda hankalinta ke kan ƙatuwar ƙafar keken nan da ake hangowa daga rumfa, ta waiwayo ta ga gaban kakarta wayam.

“Kai, Goggo, har kin cinye?”

To me za ta ce, ga suruki yana ji? Ta ce, “Alhamdulillahi.”

“Abba, Goggo ta riga mu.”

Malam Uwaisu bai ɗago ba, amma murmushi ya kama shi. “Masha Allah. Zuba mata dambu, Nuriyya. Goggo, a ƙara, don Allah. Nan gida ne.”

“An gode, Malam.”

Aka tura mata dambu, zogale ya ji, an barbaɗa ƙuli a kai. Ta dube shi, ta haɗiyi yawu, ta saci kallon akushin surukinta ta gefen mayafi. Saura loma kaɗan. Ta ji sanyi a ranta. Ta ɗauki wani faifan ta rufe dambun, wannan karon ta jawo shi kusa da gwiwarta.

Malam Uwaisu ya suɗe miyar ƙarshe. Goggo ta fara shirin amsa masa sallama. Sai ga Hadiyya da tukunya, ta kife masa sabuwar malmala, ta kwarara miya har tana tumbatsa. Da hannu ɗaya ta yi wannan, da ɗaya hannun ta zare akushin dambu daga gefen gwiwar Goggo, ta tafi.

Malam Uwaisu ya ce, “Bismillah,” ya sake naɗe hannun riga.

Wannan karon Goggo ba ta sauke ido daga kan yarinyar ba. Ta ga ba hanyar masauki ta nufa ba. Wata ƙofa ta shiga a bayan rumfa, ƙofar kuma a buɗe take. Ta ga yarinyar ta ɗage faifan, ta kife dambun nan, ko yatsa bai taɓa shi ba, a cikin wani ƙaton bokiti, ta jefa akushin cikin ruwan wanke-wanke.

Goggo ta yi salati a zuci. Ashe tuwon ma can ya tafi. Ta shiga neman laifinta. Ko dai ba a so tsofaffi su zo wurin ne? Ko yarinyar ta ga wani abu ya faɗa ciki ne ta ji nauyin faɗa? Ko wani ya gaya musu tana da suga, an hana ta dambu? To in haka ne me ya sa ba a hana a zuba ba? Kuma wane irin gida ne wannan da ake ƙara wa wanda ya ci, a ƙwace wa wanda bai ci ba? Ta duba tabarmin da ke kewaye, kowa yana ci yana dariya, ba wanda ya ga abin mamaki. Ta ji ɗan gumi ya tsattsafo mata a goshi, alhali fanka tana kaɗawa a kanta. Ta san gumin. Malamin asibiti ya kwatanta mata shi.

Mahbuba ta dawo da Zuhair cikin sabuwar riga. Idonta ya fara sauka gaban uwarta, ta ga babu komai, ta buɗe baki za ta yi magana, mijinta ya riga ta.

“Ke da kika ce Goggo ba za ta ci ba. Kwano biyu, tuwo da dambu. Tambayi Nuriyya.”

“Wallahi, Umma, tas,” in ji Nuriyya.

Mahbuba ta tsaya da yaro a hannu. Ta dubi mijinta, ta dubi uwarta.

“Goggo, kin ci kuwa?”

Goggo ta dubi saƙar tabarma. In ta ce a'a, ta ƙaryata suruki a gaban 'ya'yansa. Kuma wa za ta gaya wa, 'yar fari? Ta ce, “An gode Allah.”

Mahbuba ba ta gamsu ba, amma Zuhair ya fara kukan shi masa zai ci, ba ya son ta kusa da miya, ta koma kansa.

Malam Uwaisu kuwa daɗi ya kama shi. Ga surukarsa ta saki jiki a wurin da shi ya zaɓa, abin da bai taɓa samu ba. Ya miƙe ƙafa ɗaya, ya jingina da ginshiƙin rumfa.

“Tunda haka ne ba sauri muke ba,” ya ce. “Mu zauna abinmu har la'asar. An ce akwai farfesu yana zuwa.”

Har la'asar. Goggo ta ɓoye hannunta na dama a cikin mayafi, don ya fara kaɗawa da kansa. Ta yi tunanin ta tashi ta koma masauki, to me za ta tarar a can ban da gado mai laushi? Ta tuna da ɗan dabinon da take ajiyewa a jaka saboda irin haka, sai ta tuna ta raba wa jikoki a mota. Ta yi tunanin ta juya baya ta jefa masa ɗaya a baki a ƙarƙashin mayafi, ta ji kunya ta rufe ta tun ba ta yi ba. Tauna ai tana da ƙara. Ko bai gani ba zai ji.

Akushin surukin ya sake yin ƙasa. Hadiyya ta sake cika shi. Goggo ta ga malmalar ta rabu biyu a idonta, ta sake haɗewa.

Don kada ta dubi abincin, ta mai da kai ga tabarmar maƙwabta. Wani magidanci ne mai tumbi da iyalinsa. Ta ga ya shafa ciki, ya yi gyatsa, ya ɗauki faifai ya kife a kan akushinsa, da sauran tuwo a ciki. Wata yarinyar ta zo ta ɗauke. Mutumin bai ko ɗaga kai ba. Ya miƙa hannu aka zuba masa ruwa ya wanke, ya tashi ya nemi takalminsa. Matarsa kuwa nata a buɗe yake, aka zo aka ƙara mata.

Goggo ta juya abin a kanta, a hankali, don kan ya yi nauyi. Ta dubi wata tabarmar ta jira. Can ma aka rufe, aka ɗauke. Ikon Allah. Ashe a nan faifai korar abinci yake yi. Duk abin da aka rufe ya tafi ke nan, mai shi kuma ya tashi. Dalilin da ya sa mutane za su juya abu haka ba ta gane ba, ba ta kuma da ƙarfin nemansa.

Ga faifai ɗaya ya rage a gefen tebur. Ga akushin Malam Uwaisu, tsakaninta da shi tsawon hannu ne in ta sunkuya. Tun da take ba ta taɓa kai hannu kusa da kwanon suruki ba. Da uwarta ta ga haka, da ta ce wannan ba 'yarta ba ce. Amma ta auna, ko ta yi wannan, ko ta ci a gabansa, ko kuma ta zube a tabarma jama'a su taru a kanta, shi ya ɗauke ta da hannunsa ya kai mota. A cikin ukun ta ga wannan ya fi sauƙi.

Ta fito da hannun daga mayafi, yana rawa, faifan yana rawa tare da shi. Malam Uwaisu ya yanko loma ke nan ya ɗaga. Ta sunkuya ta kife faifan a kan tuwonsa, ta koma ta zauna, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Hadiyya, kamar shaho, ta sauko ta ɗauke.

Malam Uwaisu ya tsaya da loma a hannu, ba miyar da zai tsoma. Ya dubi inda akushinsa yake a da. Ya dubi Nuriyya.

“Ke ce?”

“Ni? Goggo ce.”

“Goggo?”

Mahbuba ta riga ta ga hannun. Ta ga gumin da ya jiƙa gefen ɗankwalin uwarta. Ta ajiye masar da ke hannunta.

“Abban Nuriyya, ba ka ce za ka kai yaran nan su hau jirgi ba?”

“Ai sai an jima. Ban ma gama ba, kuma farfesun…”

“Yanzu za ka kai su.”

A nan ne ya ɗago, karo na farko tun da aka zauna, ya dubi surukarsa sosai. Ya dubi hannunta na dama, ya ga ko alamar maiƙo babu. Fuskarsa ta canja. Wannan ba irin maganar da ake faɗa ba ce. Ya miƙe zumbur.

“Nuriyya, Zuhair, ku taso. Jirgi zai tashi.”

“Abba, ai ba ya zuwa ko'ina, in ya zagayo ma hau,” in ji Nuriyya.

“Na ce ku taso.”

Ya tasa su gaba. Lomar nan bai san yadda zai yi da ita ba, da ita ya fita a hannu, yana laluben takalmi da ƙafa.

Mahbuba ta matso. Ta jawo ƙwaryar fura, ta zuba zuma ta dama da sauri, ta ajiye gaban uwarta, ta ɗaga hannu ta kira Hadiyya ta ce a kawo tuwo mai zafi. Sannan ta juya baya tana kallon duwatsu, kamar yau ta fara ganinsu.

Goggo ta kama ludayi da hannu biyu. Ta sha, ta ƙara, ta ƙara. A hankali rumfar ta daina lilo, muryoyin mutane suka dawo kusa. Da tuwon ya iso ta riƙe bakin akushin da hannun hagu, gam, ta ci da dama, idonta yana kan duk yarinyar da ta gifta. Ta ci har gumin ya bushe, hannun ya kwanta.

Saura 'yar loma biyu a gindin akushi ta hango Hadiyya tafe da tukunya. Ta ƙoshi. In ta bari a buɗe za a cika mata, in ta rufe za a zuba hatsin Allah a bokiti. Ta dubi ginshiƙin rumfa ta ce masa, “A tambayi mutanen nan, in mutum ya ƙoshi kuma ba ya so a zubar, yaya ake yi?”

Kafaɗun Mahbuba suka motsa, dariya take dannewa. Ba ta juyo ba ta ce, “Sai ki cinye tas, Goggo, sannan ki rufe.”

“A rufe kwano ba komai a ciki?”

“Haka suke yi.”

“To ƙuda me zai ci a ciki da za a kare?”

Goggo ta ɗaga wa Hadiyya tafin hannu ta tsaya, ta cinye sauran a tsanake, ta suɗe akushin har ya yi ƙyalli. Aka miƙo mata faifai daga tabarmar maƙwabta. Ta juya shi a hannu, ta dubi akushin, ta dubi yarinyar da ke tsaye tana jira, sannan ta rufe, tana girgiza kai.